Ɗanki Na Neman Jari: Wa Zai Riƙe Masa Hannu Bayan Kuɗin Ya Shigo?

A gidaje da yawa akwai saurayin da aka rasa inda za a sa shi. Ya gama sakandare bai samu ci gaba ba, ko ya watsar da ita a aji huɗu, ko ya sauke Alƙur'ani ya dawo gida babu sana'a. Shekarunsa sun haura ashirin. Da safe a ba shi kuɗin koko, da rana ya tafi majalisa, da dare ya shigo bayan kowa ya kwanta. Mahaifinsa ya daina yi masa magana sai ta faɗa. Uwa ce ke ajiye masa tuwo, ita ce kuma gabanta ke faɗuwa duk lokacin da aka ji hayaniya a layi.

Idan kika tambaye shi abin da yake so, amsar kusan ɗaya ce a ko'ina: “Umma, ni jari kawai nake buƙata.” Iyaye mata da yawa sun yarda da maganar nan har sun sayar da ɗan kunne ko akuya, ko sun ɗauki adashe sun damƙa masa. Wasu sun dace. Wasu kuwa kafin wata huɗu babu jarin babu kayan, sai ƙarin tsamin dangantaka a gida.

Yaron bai yi ƙarya ba, yana buƙatar jari. Sai dai rabin maganar ya faɗa. Rabin da ya rage shi ne babban mutum da zai tsaya a kansa, ya koya masa aiki, ya riƙa bibiyarsa bayan kuɗin ya shiga hannunsa. Akwai ƙasashen Afirka biyu da aka gwada wannan lamari a kan ɗaruruwan matasa, aka bi sawunsu shekara da shekaru, kuma sakamakon ya cancanci kowace uwa ta ji shi kafin ta kwance bakin zaninta.

Darasin Laberiya

Yaƙin basasar Laberiya ya ƙare a 2003, ya bar dubban samari a titunan Monrobiya, babban birnin ƙasar. Wasu tsofaffin mayaƙa ne, wasu 'yan sane, wasu dillalan ƙwaya, wasu a kasuwa suke kwana. Wata ƙungiyar 'yan ƙasar mai suna NEPI ta fito da shiri domin irin waɗannan samari, masu bincike kuma, ciki har da Farfesa Chris Blattman, suka haɗa hannu da ita don a auna ko shirin yana aiki.

An ɗauki maza 999 daga cikin waɗanda kowa ya yanke wa ƙauna, aka raba su gida huɗu ta hanyar ƙuri'a. Kashi na farko an ba su zaman gyaran tunani da hali na mako takwas. Na biyu an ba kowa dala 200 a hannu. Na uku sun samu duka biyun, zaman tukuna sannan kuɗin. Na huɗu ba su samu komai ba, da su ake kwatanta sauran.

Me ake yi a zaman? Abubuwa ne da za ki ce ai ƙanana ne. Yadda mutum zai tsaya ya ja numfashi idan ransa ya ɓaci kafin ya kai hannu. Yadda zai tsara abin da zai yi gobe da mako mai zuwa. Yadda zai yi ajiya. Ana sa su su yi aski, su sa tufafi masu tsabta, su shiga banki ko babban kanti su ga da idonsu cewa ana iya karɓarsu kamar kowa. Masu jagorantar zaman kuwa mutane ne da suka taɓa yin irin wannan rayuwar suka fita daga cikinta, kuma a ranakun da babu zama sukan bi samarin har inda suke su ga yadda suke ciki.

Abu na farko da ya ba mutane mamaki shi ne yadda aka kashe kuɗin. Kaɗan ne ya tafi a giya da ƙwaya. Yawanci sun sa shi a ƙaramar sana'a, da abinci, da wurin kwana. To amma bayan shekara ɗaya akasarin sana'o'in sun durƙushe, sata na cikin dalilan, kuma waɗanda suka samu kuɗi kaɗai sun koma kamar ba a ba su komai ba. Waɗanda canjin halinsu ya ɗore su ne waɗanda suka samu zaman da kuɗin tare. Da aka sake nemo su bayan shekara goma, sata da sayar da ƙwaya da makamantansu sun ragu da kusan rabi a tsakaninsu idan aka kwatanta da waɗanda ba su samu komai ba.

Shirin bai mayar da su masu kuɗi ba. Bayanin masu binciken shi ne kuɗin ya ba samarin 'yan watanni na cin halak, suka samu sararin aikata abin da aka koya musu har ya zauna a jikinsu. Mu kan ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma gaskiya ne. Amma waɗannan mazan sun kai kimanin shekara 25 lokacin da aka fara da su. Uwar da ke ganin ɗanta ya wuce gyara ta riƙe wannan.

Darasin Yuganda

A 2008 gwamnatin Yuganda ta raba tallafi ga ƙungiyoyin matasa, maza da mata, a arewacin ƙasar da yaƙi ya ɗaiɗaita. Kowace ƙungiya ta rubuta sana'ar da take son koya, kamar kafinta, ɗinki, walda ko gyaran gashi, aka ba ta kuɗin da ya kai kimanin dala 380 ga kowane mutum. Mafi yawan kuɗin ya tafi a kuɗin koyo da sayen kayan aiki.

Bayan shekara huɗu, abin da suke samu ya fi na takwarorinsu da ba su samu tallafin ba da kashi 38 cikin 100. Bayan shekara tara kuwa takwarorin nan sun kamo su a samun kuɗi, domin su ma sun yi ta fafutuka sun tara nasu a hankali. Abin da ya rage wa masu tallafin shi ne sun fi yawan kayan amfanin gida masu ɗorewa, kuma sun fi zama a sana'ar hannu ta ƙwararru.

Ke nan tallafi yana gajarta wa yaro hanya, ya rage masa shekarun wahala, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda zaman banza ke neman jefa shi cikin hatsari. Amma tallafin Yuganda an ɗaure shi da sana'a takamaimai da tsari a rubuce, kuma matasan suna cikin ƙungiya, idon kowa na kan kowa.

Mu ma muna da namu tsarin

Babu wani baƙon abu a nan ga Bahaushe. Tsarin ubangida da yaronsa shi ya gina kasuwanninmu. Yaro ya zauna a shago a Kantin Kwari ko Kasuwar Kurmi, ya fara da shara da ɗauko kaya, ya san masu saye, ya san wa ake ba bashi wa ake hanawa. In ubangida ya gamsu da amanarsa sai ya fara ba shi kaya ya sayar ya kawo kuɗi, daga nan ya yaye shi. Haka abin yake a garejin kanikawa, da wurin masu walda a Panteka ta Kaduna, da masu gyaran waya a Farm Centre ta Kano. 'Yan'uwanmu Ibo sun shahara da irin wannan: yaro ya yi wa ubangida hidima na wasu shekaru, a ƙarshe a sallame shi da jarin buɗe nasa shagon.

Matsalar ita ce wannan tsari yana tafiya ne da sanayya. Ɗan mai hali yana da kawu a kasuwa. Maraya, da ɗan bazawara, da almajirin da ya girma a gari, da wanda aka taɓa kamawa da laifi, su ne ba su da mai kai su. Ba ƙwaƙwalwa suka rasa ba, mai tsaya musu suka rasa. Shi ya sa shirin Mafita, wanda Birtaniya ta ɗauki nauyinsa a jihohin Kano, Kaduna, Katsina da Jigawa, ya nemo matasa marasa galihu, ciki har da almajirai, ya riƙa haɗa su da ƙwararrun masu sana'a su koya a wurinsu.

Ƙofofin da za a iya ƙwanƙwasawa

Hukumar samar da ayyukan yi ta ƙasa, NDE, tana da ofis a kowace jiha, kuma tana da daɗaɗɗen shiri na tura matasa wurin masu sana'a su koya. Asusun horar da ma'aikata, ITF, wanda aka kafa a 1971 mai hedkwata a Jos, shi ma yana koyar da sana'o'i, a wasu shirye-shiryensa yana ba waɗanda suka kammala kayan fara aiki. Gwamnatocin jihohi suna da cibiyoyin koyon sana'a nasu. Gidauniyar Tony Elumelu, tun 2015, tana ba matasan Afirka masu tsarin kasuwanci horo da mai ba da shawara da jarin dala 5,000. Ana nema ta intanet daga farkon shekara, masu nema suna da yawa ƙwarai, kuma sai yaro ya samu wanda zai taya shi rubuta tsarin kasuwancinsa.

Guraben ba su kai yawan masu nema ba, don haka kada a zauna jira. Ya nema, amma ya fara koyo a wani wuri kafin sakamako ya fito. Ya tanadi lambar NIN, da asusun banki mai sunansa, da layin waya da ba ya canzawa, domin da yawa suna rasa dama saboda an kira ba a same su ba.

A kula da 'yan damfara. Saƙon WhatsApp da ke cewa a tura kuɗin fom ko kuɗin sakin tallafi abin tuhuma ne. Duk wanda ya nemi lambar sirrin katin banki, ko lambar da banki ya turo ta saƙo, ɓarawo ne ko da wane suna ya zo. Idan ana shakka, yaron ya taka da ƙafarsa zuwa ofishin hukumar ya tambaya.

Yadda za ki zaɓar masa ubangida

Ki fara da sauraron yaron. Wanda aka tilasta wa ɗinki alhali hankalinsa na kan lantarki ba zai yi wata uku ba. Ki duba kuma abin da mutanen garinku ke biya a yi musu: haɗa sola, aikin famfo, sa tayil, gyaran adaidaita sahu, gyaran firji, aski, kiwon kaji. Sana'ar da layinku ke da masu yinta goma za ta yi wa sabon shiga wuya.

Sannan a bincika mutumin kamar yadda ake binciken mai neman aure. Tambaya mafi amfani ita ce: yara nawa ya yaye, kuma ina suke yanzu? Mai gidan da yaransa suka shekara takwas suna sayo masa abinci da wanke mota ba malami ba ne. A tambayi ko yana barin yara su taɓa aiki da hannunsu, ko yana duka, ko ana shaye-shaye a wurin. Idan ke ba za ki iya zuwa ba, ki tura mahaifinsa, ko kawunsa, ko mijin ƙawarki da ke kasuwar.

A yi magana a fili tun ranar farko, gaban mai unguwa ko liman ko wani dattijo, a kuma rubuta: shekara nawa zai yi, wa zai ɗauki kuɗin mota da abincin rana, me za a yi in ya ɓata kayan mutane, me zai samu ranar yaye. Yawancin rigimar ubangida da yaro daga abin da aka ji kunyar faɗa da farko take tasowa.

Kuɗin mota da abincin rana su ne ke kayar da yara marasa galihu. Mai koyo ba ya samun komai a watannin farko, abokinsa mai tura baro kuwa yana dawowa da kuɗi kullum. Idan akwai wanda ke son taimaka wa ɗanki, wannan ɗan kuɗin na kullum ya fi a ba shi dunƙulallen jari tun bai iya komai ba.

Wani lokaci mai koya aiki ba ya da bakin nasiha. To a samo wa yaron mutum na biyu, namiji da yake jin nauyinsa kuma ba ya tsoronsa, wanda zai zauna da shi ko sau ɗaya a mako ya tambaye shi me ya koya, nawa ya ajiye, da wa ya yi faɗa. Wanda ya taɓa faɗawa irin halin da yaron ke ciki ya fita ya fi dacewa, kamar yadda aka gani a Laberiya. Akwai maganar da saurayi ba zai taɓa faɗa wa mahaifiyarsa ba don kunya, amma zai faɗa wa irin wannan.

Idan jarin ya zo

Mun sha ganin bikin raba kekunan ɗinki da injinan markaɗe, washegari kuma a gan su a kasuwa ana sayarwa da araha. Yawanci wanda aka ba ne bai iya sana'ar ba, ko yunwa ta fi ƙarfinsa. Don haka koyo ya riga jari. In da hali a je tare da ubangidansa a sayi kayan aiki, a bar ɗan abin juyawa a asusu. A ba shi kashi-kashi: ya nuna abin da ya yi da na farko kafin na biyu ya fito. Ya samu littafi yana rubuta shiga da fita, mai bibiyarsa yana dubawa. A tanadi wurin ajiye kaya mai kulle, domin sata ɗaya ta isa ta mayar da shi inda ya fito.

Akwai magana mai nauyi da ta shafe mu iyaye mata. Sau da yawa gida ne ke cinye jarin yaro. An ji ya samu tallafi, sai ga ankon bikin ƙanwarsa, ga gudummawar suna, ga kuɗin cefane “kafin Babanku ya dawo”. Yaro mai kunya ba zai ce wa uwarsa a'a ba. Ki zama ke ce mai cewa a'a a madadinsa. Ki gaya wa dangi kuɗin nan na aiki ne, sai ya yi shekara yana juyawa kafin a sa masa rai. Riba ce ake ci, uwar kuɗi ba a taɓa ta.

In akwai shaye-shaye, a fara da lafiya

Binciken da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda ya shafi shekarar 2017, ya nuna kimanin mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 a Najeriya sun yi amfani da miyagun ƙwayoyi a cikin shekara ɗaya. Kimanin miliyan 4.6 daga ciki magunguna irin su tiramadol da kodin suka sha ba bisa ƙa'ida ba. A 2018 gwamnati ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, amma matsalar ba ta kau ba.

A aikina na jinya ina ganin samarin da ake kawowa suna jijjiga bayan sun sha tiramadol da yawa. Da dama cikinsu sun fara ne don su jure aikin ƙarfi, ko don su daina tunanin halin da suke ciki. Wanda jikinsa ya saba da ƙwayar, in ya bari farat ɗaya zai yi fama da ciwon jiki, gumi, gudawa, rashin barci da firgici, wannan ne ke mayar da shi ko da ya yi rantsuwa da gaske. Irin wannan yaron in aka damƙa masa jari, an ɗora masa kayan da ba zai iya ɗauka ba. Ya fara ganin likita. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna, Kware da Maiduguri, manyan asibitocin koyarwa ma suna da sashen. Zuwa can ba ya nufin ɗanki mahaukaci ne.

A guji wuraren da ake ɗaure yara da mari. A watan Satumba na 2019 'yan sanda sun fito da mutane fiye da 300, manya da yara, daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, wasu da sarƙa a ƙafa da tabon duka. Iyayensu gyara suka je nema. Da zarar yaro ya fara samun sauƙi kuma, a haɗa shi da wurin koyon aiki ba tare da jinkiri ba, domin komawa zaman majalisa ɗaya da abokai ɗaya shi ke dawo da ciwon.

Yaron da ba naki ba

Wataƙila naki 'ya'yan suna makaranta lafiya lau. To ki duba almajirin da ya shekara biyar yana yi miki aike, yanzu gemu ya fara fito masa. Ko ɗan maƙwabciyarki da mijinta ya rasu. Ɗa na kowa ne. Mijinki ko yayanki na iya karɓarsa a shago in kika yi magana. Matan adashe goma na iya ɗaukar kuɗin motar yaro ɗaya har ya gama koyo ba tare da kowa ta ji a jikinta ba. Mai fitar da zakka a danginku na iya tattara wani kaso ya saya wa mutum ɗaya kayan aiki cikakku, maimakon a gutsuttsura ta ƙare a kwana biyu.

Sai kuma haƙuri. Zai yi fashi, zai yi fushi da ubangida, wata rana zai ce ya daina. Kada ki ɗauki wannan a matsayin ƙarshen magana, kada kuma ki je ki yi wa mai gidan faɗa a gabansa. Ki kira mai bibiyarsa, a zauna, a ji ta bakin kowa, a mayar da shi. Watanni shida na farko su ne masu wuya.

Kafin ki sayar da komai a makon nan, ki ɗauki takarda ki rubuta sunayen maza uku masu sana'a da kika yarda da halinsu. Ki zauna da ɗanki ya zaɓi ɗaya, sannan ki nemi wanda zai kai shi. Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya sa albarka a neman da suke yi.